Malam Sahabi ya rasu, ɗanshi yana cikin jirgi

Yau da hantsi ina gona ina duba gero, wayata ta yi ƙara. Baffa Maccido ne, yayan Malam Sahabi. Ko gaisuwata bai tsaya amsawa ba.

"Buhari, ka taho Tambuwal yanzun ga. Malaminku ya cika."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna nan bisa ƙasa, na kasa tuna inda na aje babur.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Sahabi shi ya koya mani karatu a firamare a Kebbe, kuma da Allah ya sa na zama malami, makaranta guda muke koyarwa da shi. Gobe Litinin za mu koma daga dogon hutu. Mutumin da ko ciwon kai ban taɓa ji ya yi kuka da shi ba.

Zan faɗi alherinshi. Amma ku yi haƙuri da ni, yau akwai abin da ya tsaya mani a wuya, kuma sai na amayar da shi.

Muna yara, mu da ake kiwo a gidajenmu kullum a makare muke zuwa, don sai mun fitar da shanu. Malam bai taɓa dukanmu a kan haka ba. Sai ya ɗauke darasin lissafi daga safe ya mai da shi bayan tara, don kada ya wuce mu. Sai da na girma na gane da gangan ya yi.

Ranar da na fara koyarwa ya shigo ya zauna a bencin baya kamar ɗalibi. Ni kuwa ina ta zuba rubutu, ina jin kaina. Da anka tashi ya ce, "Buhari, allo kaka koya ma karatu ko yara? Ka riƙa juyowa mana."

Kuma shi ne ya zo mani da labarin rasuwar mahaifiyata lokacin ina kwalejin horon malamai a Sakkwato. Waya tana hannunshi, bai kira ba. Ya shiga mota ya zo da ƙafarshi. Ya ja ni gindin bishiya, ya saya mani fura, ya tsare ni sai da na shanye. Munka yi sallar azahar. Sannan ya dafa gwiwata ya gaya mani. Haka munka taso munka iske ana yi a ƙasar nan: mutuwar uwa ko uba, babba ke kai ta, a zaune, yana kallon idonka.

Hutun bana kaf Malam ya ƙarar da shi ne kan tafiyar babban ɗanshi Attahiru, wanda ya samu gurbin ƙaro karatu a Malesiya. Shekara uku ba zai zo gida ba.

Malam ya ce ɗanshi ba zai bar ƙasa kamar ɓarawo ba, sai ya yi sallama da kowa. Ya goya shi a babur, ƙaton saurayi da gemunshi, sunka bi dangi gida-gida. Jabo, Sanyinna, har Kebbe cikin caɓin damina. Duk inda sunka shiga sai Attahiru ya durƙusa ya nemi gafara, a sa mashi albarka. Inna Kulu, mahaifiyarshi, ta haɗa kuka da daddawa da yaji har jaka ta ƙi rufuwa. Malam ya ɗauki jakar ya kai kasuwa wurin masu hatsi a ɗora a sikeli, wai kada a kunyata yaro a filin jirgi. Sau uku ana ragewa, sau uku Inna Kulu tana mayarwa a ɓoye.

Ganina da Malam na ƙarshe ranar Alhamis ne. Mun je makaranta duba ciyawar da ta cinye fili. Na iske shi a ajinshi shi kaɗai, yana tsaye gaban tsohuwar taswirar duniya da ke bango.

Na ce, "Malam, an fara kewa tun ba a tafi ba?"

Ya yi dariya. Ya ce, "Shekara da shekaru ina nuna ma ɗiyan mutane teku da tsinken sanda. Yau nawa za shi ƙetare shi, sai na ga ashe da faɗi."

Jiya Asabar ya raka ɗan nashi filin jirgin Sakkwato. Attahiru ya kwana Abuja. Yau bayan asuba Malam ya kira shi, Attahiru ya ce mashi sun fara shiga jirgi. Malam ya yi mashi addu'a, ya kashe waya, ya sha kunu. Can ya ce ƙirjinshi ya riƙe. Kafin a samo mota rai ya yi halinshi.

Da na isa gidan, Baffa Maccido ya tara mu a zaure, mu maza. Ya ce da babbar murya, kowa ya ji:

"Yaron ga shina sama. Za su sauka wata ƙasa su canza jirgi, ba shi da kowa can. Kada wanda ya gaya mashi ta waya. A bari shi isa, a samu mutum shi zaunar da shi."

Ya ɗora mani neman mutumin. Na yi ta kiraye-kiraye har Allah ya haɗa ni da wani likita ɗan Jabo da ke zaune a garin da Attahiru za shi. Bawan Allah ya ce shi da kanshi zai tarbe shi, ya kai shi gida, ya ci abinci, ya yi salla, sannan ya gaya mashi. Na ji sanyi a raina. Kwana guda kawai muke roƙo. Kwana guda!

Bayan azahar anka yi salla, munka ɗauki Malam. Tun a ƙofar gida na fara ganin wayoyi sama. Mutum kafaɗarshi guda tana ƙarƙashin makara, hannu guda yana ɗaukar hoto. A maƙabarta ana zuba ƙasa, wani yana ture mutane don ya samu wurin da zai ɗauko da kyau.

Ko wanke hannu ban yi ba na buɗe guruf ɗinmu na tsofaffin ɗalibai a waya, sai ga shi. Hoton makara. Kusa da shi hoton Malam da Attahiru na jiya a filin jirgi, suna murmushi. An rubuta sunan Malam cikakke, an jera hotunan fuska mai hawaye, an kuma maƙalo sunan Attahiru don saƙon ya je mashi kai tsaye.

Wanda ya saka, yana cikin zauren nan lokacin da Baffa ke magana. Ni na matsa mashi ya samu wurin zama. Ba zan faɗi sunanka ba, ka san kanka.

Na kira shi, na ce don girman Allah ya goge. Ya ce, "Haba Malam Buhari, mutuwa abin ɓoyo ce? Ai addu'a nika nema mashi."

Addu'a! Addu'ar ce ba ta karɓuwa sai ka riga kowa sakawa?

Ya goge daga baya, bayan an gama kwasa. Kafin la'asar hoton ya zaga ko'ina. Mutanen da Malam ya kai masu ɗanshi har gida ya durƙusa gabansu, su ne ke rige-rigen tura mashi "Allah ya ba ka haƙuri" a rubuce. Babu wanda ya tsaya ya ce, shin yaron ma ya ji? Tir da wannan hali. Ilimin da Malam ya ba mu ke nan, mun iya rubutu mun rasa hankali.

Na zauna a zaure riƙe da waya ina kallon sunan Attahiru, ina roƙon Allah kada ya samu network a inda za su sauka.

Bayan la'asar kaɗan na ga ya hau online.

Minti biyu ba a yi ba kiranshi ya shigo. Na fita bayan gida. Ina jin hayaniyar mutane da sanarwa cikin wani harshe a bayanshi.

Na fara abin da anka saba. "Attahiru, ka sauka lafiya? Dama jikin Baba ne ya ɗan..."

"Yaya Buhari, kada ka yi mani haka. Na gani."

Na jingina da katanga.

Ya ce, "Ina tsaye bakin wani shagon turare na buɗe waya don in gaya ma Baba na sauka. Babu wanda na sani nan. Ina son in yi salla, ko gabas ban sani ba."

Ya ce zai nemi jirgin dawowa. Na kai ma Inna Kulu wayar cikin ɗaki. Matar da tun safe ba ta iya magana ba, ta share ido ta ce mashi, "An riga an rufe shi, mi za ka zo ka gani? Wuce inda ya aike ka."

Da wayar ta dawo hannuna na ɗauka ya kashe. Ashe yana nan. Sai na ji ya ce a hankali:

"Yaya, saƙo ya cika mani waya, kowa rubutawa yake. Don Allah kai ka faɗa mani da bakinka. Ka ce Baba ya rasu."

Na faɗa mashi. Ina tsaye jikin katanga, shi yana can tsakiyar baƙi, babu mai dafa shi. Sai lokacin ya fashe da kuka.

Yanzu da nike wannan rubutu yana cikin jirgi na biyu, sai gobe zai sauka. Na jira sai da babu sauran na jiki da bai ji ba, kuma ba za ku ga hoto a nan ba.

Ya Allah ka jiƙan Malam Sahabi, ka yalwata kabarinshi, ka sa duk harafin da ya koyar ya zame mashi haske. Ka ba Inna Kulu da ƙannen Attahiru juriya. Ka zama abokin tafiyar yaron nan a inda babu ɗayanmu.

Ku da kunka karanta, ina roƙonku abu guda. Kada ku tura ma Attahiru komai yau, kada ku maƙalo sunanshi. Ku aje wayar, ku ɗaga hannuwan duka biyu, ku yi ma mahaifinshi addu'a, shi ma ku sa shi ciki.