Yaya Idi da Rumfar Kambo

Ranar da aka fara tsinkar auduga, a shekarar da na shiga aji huɗu, na ji yayana Idi yana waƙa. Da hantsi ne, Inna ta aike ni hawasharmu, gonar audugar Baba da ke bakin tur'a, wato magudanar ruwan noman rani, in kai wa masu aiki kisra, wato fallen wainar dawa, da miyar kuɓewa. Na sauke kwanon daga kaina na tsaya sororo tsakanin layukan auduga. Idi yana sunkuye da buhu a ƙugunsa, yana bin wata waƙa da matan kambo, zangon ƴan ƙwadago, suke rerawa da Larabci, muryarsa tana tafiya sumul ba ta tuntuɓe ko sau ɗaya. Ban taɓa jin haka daga bakinsa ba, don Idi mai i'ina ne tun yana ƙarami.

Ƙauyenmu ba shi da nisa da garin Hasahisa, a ƙasar Sudan. Kakanninmu daga ƙasar Sakkwato suka taso da niyyar Makka, sai zama ya kama su a nan. Mu yara aikinmu ɗebo ruwa a tur'a da jaki, korar tsuntsaye daga dawa, da yanko wa awaki ciyawa. In an tashi daga makaranta mu mata mu zauna gindin darbejiya muna carafke, maza kuma suna langa har ƙura ta rufe su. Idi ba ya shiga. In ya buɗe baki zai kira suna, kafin ya fitar da shi yara sun riga sun kwashe da dariya suna kwaikwayonsa. A makarantar allo ya fi kowa kyan rubutu, amma in aka zo biyawa sai harafi ya maƙale masa a wuya, jijiyoyinsa su tashi, malam ya gaji ya wuce kan na gaba. Ko a gida mukan ƙarasa masa magana don mu huta. Inna kan ce, "Ku bar shi, bakinsa ne mai nauyi, zuciyarsa lafiya lau."

Kambo kuwa ƴan bukkoki ne a hayin tur'a, inda ƴan ƙwadago suke zama. A waɗannan shekarun da yawansu mutanen Kudancin ƙasar ne da yaƙi ya koro. Suna da wata rumfar kara inda suke taruwa ran Lahadi, shugabansu wani dattijo ne da ake kira Baba Yohana, wanda yanar ido ta fara rufe masa gani. Wata rana Idi ya je kai musu buhuna, tsohon ya roƙe shi ya karanta masa wani wuri a littafinsu na Larabci. Daga baya Idi ya gaya mini cewa gumi ya jiƙa masa riga kafin ya gama layi biyu, amma tsohon bai ƙarasa masa kalma ko ɗaya ba, ya sunkuyar da kai kawai yana jira. Daga nan ya riƙa komawa. Nakan gan shi da la'asar yana tsallaka gadar katako, ban gaya wa kowa ba, don a lokacin ne na fara ganin yayana yana dariya.

An yi damina biyu a haka. Wata safiya bayan an sha shayi, Idi ya durƙusa gaban Baba a tsakar gida, ni ina shara kusa da randa. Ya daɗe yana kokawa da maganar kafin ta fito: ya ce ya bi Yesu Almasihu, kuma ba zai iya ci gaba da tsayawa a sahu yana ɓoye abin da ke ransa ba. Baba bai ɗaga hannu ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya ce, "Idrisu, ka san abin da ka faɗa? Ka san abin da doka take yi wa mai wannan magana?" Idi ya gyaɗa kai. Sai na ga hawaye suna bin gemun Baba. Kwana da kwanaki kawunanmu suna zuwa suna yi masa nasiha, wasu da lallashi, wasu da faɗa, shi kuwa yana zaune kansa a ƙasa. Da maganar ta fara fita waje, Baba ya ce gara ya tafi tun hukuma ba ta ji ba. Inna ta ƙulla masa gyaɗa da dabino a tsumma, ta raka shi bakin ƙofa, ta kasa wucewa. Ni na bi shi har inda lori yake tsayawa. Ya dafa kaina yana son ya ce wani abu, direba ya danna oda, ya hau bai faɗa ba.

Gidanmu ya yi shiru bayan haka. Ƙawayena suka rage kirana carafke, Baba ya daina zama a dandali bayan sallah. Ba a ambaton sunan Idi, amma kullum Inna sai ta toya kisra fiye da cinmu. Labarinsa yakan zo jefi-jefi ta bakin direbobi: yana aikin gini a gefen Hartum, ya auri wata ƴar duwatsun Nuba.

Na riga na yi aure a Hasahisa lokacin da Kudu ta ɓalle ta zama ƙasa mai zaman kanta. Wata rana waya ta shigo, sai na ji numfashin nan na Idi da na sani kafin magana. Ya ce fastonsu da yawancin jama'arsu sun koma Kudu, an bar tsofaffi da mata da yara, kuma sun ce shi zai riƙa jagorantar su. Ya ce ya ƙi, ya sake ƙi. "Hauwa," ya ce, "ni da ba na iya faɗin sunana a tashi ɗaya, ni zan tsaya gaban mutane? Ban yi karatun ba, ko ubana ban iya riƙewa ba." Ni dai Musulma ce, hanyarsa ba tawa ba ce. Na tambaye shi kawai, in bai tsaya ba wa zai tsaya. Ya ce babu kowa, kuma abin da ya hana shi sukuni ke nan, yana ji a ransa Allah ne yake kiransa. Ran Lahadin da ta biyo ya tsaya. Matarsa ta ce mini wa'azin ya ɗauki lokaci mai tsawo, amma ba wanda ya tashi.

Da Baba ya rasu, Idi ya zo. Ya tsaya can nesa a kan gaɓar tur'a har aka gama sallar gawa, sannan ya shiga wurin Inna. Ta riƙe fuskarsa da hannu biyu tana kuka, ta ce ya rame. Bai kwana ba. Inna ma ba ta daɗe a duniya ba bayan haka.

Yanzu auduga ta ja baya a ƙauyenmu, tur'a takan bushe wata da watanni, gidan da muka taso ƙanin Baba ne a ciki. Da mu ƴaƴan gidan shida ne muke sa hannu a kwano ɗaya, yau kowa yana garinsa. Ƴaƴan Idi ba sa jin Hausa, nawa ma Larabci ya fi musu sauƙi. In ya kira ni ranar Sallah don ya yi mini barka, yakan ce kada in sa masa Larabci, ni kaɗai na rage masa da zai yi Hausa da ita. Mukan daɗe muna hira a kan awaki da farashin dawa, ba ma taɓa maganar addini. Har yau ɗan Innata ne.