Bakaniken da Aka Bari a Sama

Tun ina ƙarami na haddace wani fim da ban taɓa gani ba. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya kalle shi a wani gidan kallo a Zariya lokacin yana saurayi yana koyon kanikanci. Fim ne na jirgin sararin samaniya, irin na zamanin kaset. Wasu mutane sun bar duniyarmu suna neman wata. Akwai kyaftin, akwai matuƙiya, akwai kuma wani bakanike gajere mai tumbi wanda ba ya tada inji sai ya ƙwanƙwasa masa sifana, kamar mai sallama a ƙofar gida. A ƙarshe jirgin ya maƙale a wata duniya ta baƙin dutse. Bakaniken ya fita ya saki abin da ya riƙe su, jirgi ya tashi, shi kuwa aka bar shi tsaye da sifana a hannu. Sai rubutu ya fito, wai a jira kashi na biyu.

Kawu bai jira ba. Damina ta faɗi, kakanmu ya aika ya dawo Gazara, daga nan sai aure, sai gonar rake, sai gyaran injin ban ruwa. Har yau ba ya ja wa inji igiya sai ya ƙwanƙwasa masa sifana. Duk ranar da labarin ya taso kuwa, da tambaya ɗaya yake rufewa: "To sun koma sun ɗauko shi, ko sun ci amanarsa?"

Ni a Kaduna nake. Wata rana na je wurin mai tura finafinai a saka min wani abu daban, ina duba kwamfutarsa sai na ga hoton wani gajere mai tumbi riƙe da sifana. Wallahi sai da na miƙe tsaye. Na ce akwai na biyunsa? Ya ce akwai, har da fassarar Hausa. Na ce tura duka.

Na farkon na kalla a mota, tun daga Kawo har muka wuce Zariya ban ɗaga kai ba. Komai yadda Kawu ya faɗa, har tumbin. Na biyun kuwa na rantse ba zan buɗe ba sai a gabansa. Yatsana ya je kansa ya dawo ban san sau nawa ba.

Na samu Kawu a gindin mangwaro yana kwance kan wani inji. Na tsuguna, muka gaisa, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen da shi kansa ya san ban san su ba. Duk ina amsawa wayar tana ƙona min aljihu. Da gaisuwa ta ƙare na miƙa masa.

"Kawu, ga mutuminka."

Ya kai wayar nesa, ya dawo da ita dab da hanci, ya sake kai ta nesa. Ya gane hoton. Amma ya miƙo min.

"Wannan ai kallon tururuwa ne. Idona ba ya ɗaukar wannan. Shekara da shekaru ina jira, sai in gan shi kamar ƙwayar gero?"

Babbar tibi mai sola da na sani ɗaya ce, tana shagon caji a Makarfi. Mai shagon kuwa surukin Kawu ne, mijin 'yarsa ta fari. Wanda ya san mutanenmu ya san inda gizo ke saƙar. Ita 'yar, Kawu ko sunanta ba ya faɗa. Gidanta bai taɓa taka shi ba. Shi kuma mijin in ya hango Kawu a hanya, tun daga nesa zai sauka daga babur, ya cire takalmi, ya tsuguna har sai Kawu ya wuce. A ce waɗannan biyun su zauna ɗaki ɗaya suna kallon fim? Ban ma fara faɗa wa Kawu ba.

Na hau acaba na je wurin 'yar, abokiyar wasata. Ta gama saurarona ta ce, "Ɗan birni sai baki, kai babu komai. Tibin a ƙasa aka dasa ta? A kai masa gida mana."

Washegari ni da mijinta mai caji muka ɗauro tibi da batir da sifika a bayan babura biyu. Muka auna lokacin da Kawu yake masallaci sallar Azahar. Mai caji ya haɗa wayoyinsa a zaure cikin sauri kamar wanda ake kora, ya ajiye sifikar a bakin ƙofa don wayarta gajera ce, ya miƙa min rimot zai gudu. Na danna, shiru. Na sake dannawa, shiru. Rimot ne da aka ɗaure da roba, sai an murɗa shi an buga a gwiwa yake ji, kuma gwiwar mai shi kaɗai yake ganewa.

Muna cikin haka muka ji gyaran muryar Kawu. Mai caji ya fizge rimot ya fice, ya tsuguna a waje bayan ƙyaure. Daga inda Kawu ya zauna hannunsa kawai ake gani.

"Ka ce a kunna," in ji Kawu.

Na juya na ce, "An ce a kunna."

Hannu ya leƙo, aka kunna.

Kai, daɗin kashi na biyu daban ne. A na farko baƙi kake kallo. A na biyu kuwa kamar ka dawo gari bayan doguwar tafiya ne, kana leƙa fuskoki. Kiɗa ya tashi, taurari suka cika tibi, sai ga jirgin ya fito a hankali, ya fi na da girma, wuta shuɗiya na fita ta bayansa. Kawu ya matso gaba a kan tabarma.

"Ga kyaftin nan. Ya tsufa."

"Kawu, kai ma fa."

"Rufe min baki. Ka ce a ƙara murya."

"An ce a ƙara murya."

Aka shiga tafiya. Suka ratsa ta cikin duwatsu masu yawo a sama, matuƙiyar tana karkata jirgi, mu ma muna karkata a zaune. Mai fassara yana ta zuba, wai "hajiya riƙe sitiyari, ba titin Kano ba ne." Na yi dariya har na shaƙe. Ta bayan ƙyaure ma na ji an danne wata dariyar ta koma tari.

Amma fim ya yi nisa, ba wanda ya ambaci bakaniken. Sun yi sabon mai kula da inji. Sun ci abinci, sun yi faɗa da wasu jirage, sun yi murna. Inuwar bakin zaure ta fara tsawo, La'asar na matsowa. Ga shi kuma ni na kawo abin nan ban san me ke cikinsa ba. In sun manta da shi, gara da na bar Kawu da tambayarsa.

Kawu ya jawo takalminsa.

"Ka ce a kashe. Mutanen banza ne."

Ban isar da saƙon ba. A tibi matuƙiyar tana zaune ita kaɗai, rediyon jirgi yana ta shuu kamar ruwan sama a kan kwano, ta miƙa hannu za ta rufe shi. Kawu ya riga ya sa ƙafa ɗaya a takalmi. Sai murya ta fito daga bayan ƙyaure, da ƙarfi, ba ta biyo ta kaina ba.

"Baba tsaya, sifana ce. Wallahi sifana ce."

Mai caji ne kunnensa ke jikin sifika, shi ya fara ji. Zauren ya yi tsit. Hannun da ke riƙe da rimot ya janye ya ɓuya. A cikin wannan shirun mu ma muka ji ta, can ƙasa-ƙasa cikin hayaniyar rediyon: ƙarfe yana dukan ƙarfe, irin bugun da duk Gazara ta sani daga gindin mangwaro. Matuƙiyar ta tsaya cak. Ta kira kyaftin.

Kawu ya zare ƙafarsa daga takalmi ya zauna. Bai kalli ƙofa ba.

"Ka ce wa na wajen nan tsuguno ya isa haka. Ya shigo."

Ya shigo a sunkuye, ya raɓe a kusurwar da ta fi nisa, kansa a ƙasa, idonsa a tibi.

Sun juya jirgin. Sun sauka a duniyar baƙin dutse, ƙofa ta buɗe, ga shi nan tsaye, gemu fari fat, tumbin ya tafi, sifanar tana hannu. Kyaftin ya buɗe hannu zai rungume shi, shi kuwa ya wuce ta gefensa ya nufi ɗakin inji, ya kara kunne, ya ƙwanƙwasa. Kawu ya yi wata dariya da ban taɓa ji a bakinsa ba, ya cire hula ya goge ido da ita.

"Sun koma," ya ce. "Sun daɗe, amma sun koma."

Aka kira La'asar. Da muka dawo daga masallaci ya ce in faɗa kada a kwance wayoyin, a maido masa daga wurin rediyon. Na juya in faɗa, kusurwar ba kowa. Mai caji ya riga ya koma bayan ƙyaure da rimot ɗinsa.

Kawu ya naɗe ƙaramar tabarmar da ke gefensa ya miƙo min.

"Kai masa."