Baba Labbo, Wanda Bai Yarda da "Lafiya Lau" Ba

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, 9 ga Satumba, 2025, Allah Ya karɓi ran Baba Labbo, tsohon malamin asibiti, a gidansa da ke Adabka, bayan ɓarin jikinsa ya shanye.

Baba, na saba rubuta al'amuran yini kafin magariba, amma wannan sai gogewa nake ina sakewa. Ban san ko na iya faɗinka daidai ba.

Tun da ka yi ritaya, kowace ranar kasuwa kana rumfar masu hatsi da abin awon jininka. Ba ka karɓar komai. Duk wanda ka tambaya jiki ya ce lafiya lau, sai ka ce, "Wagga gaisuwa ce. Miƙo hannu."

Ina wurin ranar da Lado mahauci ya ƙi miƙawa. Ya ce, "Baba, ni da nike kada bijimi ni ɗai, mi za ka auna?"

Ka ce, "Shi ma bijimin lahiya lau ya shigo kasuwa."

Aka yi ta dariya, Lado ya naɗe hannun riga. Jininsa ya hau sosai, alhali ko ciwon kai ba ya yi. Yana cikin waɗanda suka ɗauki makararka.

Kai ka gano hawan jinin Innata. Ka zauna da ita a tabarma har ta yarda ta rage gishiri da magi. Ka fahimtar da ita cewa wannan magani ba irin na zazzaɓi ba ne da ake bari in an ji sauƙi.

Sai daminar bana ta zo. Ruwa ya cinye hanya, inda ya rage kuma masu bindiga suka tsare. Babur ba ya zuwa Gummi, na Bukkuyum ma sai an yi kasada. Magani ya yanke a gari, har da naka, don kai ma kana da hawan jinin. Kullum na gaishe ka, lafiya lau kake ce mini. Mu kuwa ba mu san yadda ake ce maka miƙo hannu ba.

Iyalinka sun ba ni abin awon, wai ni na fi zama kusa da kai. Na ɗaura wa Inna a damtse yadda na ga kana yi. Lambar ta yi sama. Na sake, ko ni na yi kuskure, ba ta sauko ba. Maganinta ya kusa ƙarewa, hanya tana nan a rufe, ba ni da wanda zan tambaya. Ita kuwa ta ce mini lafiyarta lau.

Ina miƙa ta'aziyya ga iyalinka, Inna Zulai da Faruku da Hawwa'u, da dukan mutanen Adabka. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya buɗe mana hanya. Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Ya kai ka gidan da in an ce lafiya lau, ba sai an miƙa hannu ba. Amin.