Kujera Ɗaya a Panyu

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar filin jirgin Kano, mu uku a mota ɗaya. Tun da na dawo kuke ta tambayata yadda tafiyar ta kasance, ni kuma sai in ce lafiya lau, don ban san ta inda zan fara ba. To yau ga shi yadda na gan shi, har da wuraren da ban gane ba, kuma suna da yawa.

Ga wanda bai sani ba, ni ne sakataren wata ƙaramar ƙungiyar sa-kai, ba irin masu bindigar toka ba, ta masu sha'awar harkar jiragen sama. Duk damina ruwa yana datse ƙauyukanmu na wajen Haɗeja na makonni, a lokacin ne kuma macizai ke neman tudu su shigo cikin mutane. Maganin dafi yana asibiti a gari, mai ciwo yana tsallaken ruwa, kwale-kwale kuma sai ya wuni a hanya. Garinmu yana cikin waɗannan ƙauyuka, kuma na san mutanen da aka binne a kan haka. Shi ya sa muka nemi jirgi marar matuƙi, irin wanda ake sarrafawa daga ƙasa, ya riƙa tsallakar da ɗan akwatin magani. Wani kamfani a Guangzhou ya sayar mana, amma da sharaɗi: ba za su buɗe na'urar ba sai ga wanda ya yi kwas ɗin kwana biyar a wurin wata ƙungiyar sa-kai ta can, ya kuma ci jarrabawa. Kujera ɗaya suka ba mu a ajin. In ba mu dawo da takardar shaida ba, jirgin zai yi damina a cikin kwali.

Abokin tafiyata na farko dattijo ne, tsohon mai gyaran jirage da ya yi ritaya, muna ce masa Injiniya. Shekara biyu yana karatun wannan jirgi, kujerar tasa ce. Na biyu kakakin ƙungiyarmu ne, jarumin fim ɗin nan da kuka sani, ba sai na faɗi suna ba, mu dai Yallaɓai muke ce masa. Shi ya yi ta shiga rediyo da waya har jama'a suka taimaka aka samu jirgin, ya kuma biyo mu ne don a ɗauki hoto ranar karɓa. Ko jirgin takarda ban taɓa ganin ya harba ba.

Mun yada zango a Addis Ababa, inda 'yan kasuwar Kano suka gane Yallaɓai, suka hana shi ko shan shayi saboda hoto. Daga nan muka yi doguwar tafiya har ƙafafuna suka kumbura. Da muka sauka Guangzhou, zafin ne ya fara yi min sannu da zuwa, wani irin zafi mai jiƙa riga kana tsaye. Tituna hawa-hawa, wata gada a kan wata, har na daina ƙoƙarin gane gabas.

Wanda ya tarbe mu wani Alhaji ne mutumin Maraɗi, mai ofishin tura kaya a benen Tianxiu da ke unguwar Xiaobei. Ya shekara goma sha a garin, yana jin yarensu, yana kuma haɗa shi da Faransanci da Hausa a jimla ɗaya ba tare da ya ji komai ba. A benen nan kana shiga lif za ka ji ana cinikin atamfa da Hausar Kano, wani na amsawa da ta Yamai. Ya koya mana kalmomi uku: nihau gaisuwa ce, loban shi ne maigida, meyo kuma babu. Ya ce ta ukun za mu fi ji.

Abinci bai ba mu wahala ba, don akwai Musulmin ƙasar masu fararen huluna da ke ja da taliya da hannu a gabanka. Kwano cike da romon naman sa yuan goma sha biyar a kuɗinsu. Abin da ya ɗaure min kai shi ne ruwan zafi da suke kawowa a kofi, a cikin wannan zafin, kuma in ka nemi mai sanyi sai su dube ka da tausayi. Na yi fama da tsinkayen cin abincin nan har mai shagon ya miƙo min cokali ba tare da na roƙa ba.

Ajin yana Panyu, can kudancin gari. Ranar farko Alhaji yana da lodin kaya, sai ya saka mu a jirgin ƙarƙashin ƙasa ya rubuta mana sunan tasha. Tikitin wani ɗan kwabon roba ne, na jefa nawa aljihu na manta, da muka zo fita ƙofa ta ƙi buɗewa, na tara layi a bayana. Mun dai isa filin, wani fegi mai ciyawa a bayan masana'antu, da ɗakin karatu a gefe.

A bakin ƙofa aka rataya wa Yallaɓai kati mai hotonsa da jar igiya. Ni da Injiniya aka ba mu masu shuɗiyar igiya, babu hoto. Aka zaunar da shi a gaba, aka miƙa masa littafi da rimot, mu kuma aka nuna mana benci a baya. Na ce a raina, ai ranar farko ta biki ce, dole a karrama babban baƙo. Na gwada tambayar malamin ta manhajar fassara a waya, ta ba ni amsar da ta shafi tsuntsu da shinkafa, sai na haƙura.

Aka kunna na'urar gwaji, wato kwamfutar da ke nuna jirgi a allo kana tuƙa shi da rimot. Yallaɓai ya gyara hula, ya ɗaure fuska irin ta fim, ya juya gefen da wani mai kyamara na ƙungiyarsu yake. Ya kifar da jirgin a kan bishiya. Aka sake, ya kai shi kogi. Duk faɗuwa sai ya yi murmushi ya ɗaga babban yatsa, malamin kuma yana ta rubutu a takarda. Na saci kallon Injiniya. Littafinsa na kan cinya, yana kwafar duk zanen da ke allo.

Da rana wata mata ta zo, kowa ya miƙe, ma'aikata har da rawar jiki. Aka nuna mana hotonta a jikin bango, muka gane shahararriyar mawaƙiya ce, ita ce kakakin ƙungiyarsu. Na zaci gaisawa za ta yi ta wuce. Sai ta karɓi rimot, ta tashi jirgi na gaske, ta zagaya filin, ta sauke shi a cikin wata da'ira da ba ta fi faifai biyu ba. Na tafa tare da kowa.

Rana ta biyu Alhaji ya biyo mu. Ya duba katin Yallaɓai, ya duba namu, ya yi doguwar magana da malamin, sannan ya ja ni gefe.

"Sakatare, wa ya cika takardar rajista?"

"Ni ne, Alhaji."

"Bon. Sunan da ke layin hwarko shi ne ɗalibi. Na ƙasa 'yan rakiya ne. Ka gani ko?"

Na gani. A duk katin gayyata da na taɓa bugawa sunan Yallaɓai ne a sama, haka muka saba, babba ake fara ambata. Da takardar ta zo da layi uku, hannuna da kansa ya sa shi a na farko. Su kuma ba su yi mamaki ba, don a ƙungiyarsu ba ka zama kakaki sai ka ci wannan jarrabawa, komai shahararka. Sun ɗauka mu ma haka muke.

Muka roƙa a canza suna. Shugabar ajin ta saurare mu da ladabi, ta ba mu ruwan zafi, ta ce meyo. An riga an yi rajista da fasfo, aji na gaba kuma sai bayan damina. Kunya da tsoro suka haɗu min, na ji kamar in bi jirgin ƙarƙashin ƙasan nan kar in sake fitowa.

Bayan la'asar muka zauna a shagon taliya, na faɗa musu komai. Injiniya ya ce shi tun jiya ya lura, amma ya ɗauka manya ne suka sake shawara, bai ga ya dace ya yi magana a gaban baƙi ba. Yallaɓai kuwa ya ajiye cokali yana kallona.

"Tsaya, Sakatare. Wai kana nufin karatu nake yi?"

"Karatu ne, Yallaɓai."

"Wallahi ni na ɗauka ɗaukar talla ake. Shi ya sa ba na damuwa in ya faɗi, na ce ai za su yanke."

Alhaji ya yi dariya har da hawaye, mu ukun dai ba wanda ya yi. Ashe kwana biyu muna ɗaki ɗaya, kowa da abin da yake zaton ana yi, kuma kara ta hana kowa tambayar ɗan'uwansa.

Yallaɓai ya ture kwanonsa gefe. Sannan ya kashe wayoyinsa biyu ya miƙo min, ya juya ga Injiniya.

"Baba, saura kwana uku. Ni ban san jirgi ba, amma na iya hadda, kuma na saba a ce min sake. Ka rubuta min shi kamar yadda ake rubuta min fim."

Haka aka yi. Da safe aji, da yamma ɗakin otal. Injiniya ya zana yatsan hagu da na dama a takarda, ya rubuta kowane motsi a layinsa, yana riƙe silifas a sama a matsayin jirgi, Yallaɓai yana bin sa da rimot a kashe. Na ji dattijon nan da bakinsa yana daka wa jarumin da mutane ke layi don su gaisa da shi tsawa, shi kuma yana cewa to Baba. 'Yan kasuwar Xiaobei sun shirya masa liyafar tuwo da miyar kuka, sau biyu suna aikowa, ni na je na ci a madadinsa na ba da haƙuri.

Jarrabawar rubutu ya haddace ta tas. Ta fili ce matsala. Za ka tashi jirgin, ka zagaya turaku biyu, ka dawo ka sauka cikin da'ira, kuma dama biyu kawai ake bayarwa. An ja mana layi aka ce kar mu yi magana. A karon farko iska ta taso, ya ruɗe, ya sauka can wajen ciyawa. Na rufe ido. A karo na biyu na buɗe ɗaya, na ga hannun Injiniya a cikin aljihu yana motsi, yana tuƙa jirgin da babu. Jirgin ya sauko yana rawa, ƙafarsa ɗaya a kan layi. Malamin ya je ya tsuguna ya duba, ya daɗe, sannan ya ɗaga hannu. Mawaƙiyar ce ta miƙa takardar. A hoton da aka ɗauka Yallaɓai bai ma kalli kyamara ba, rigarsa sharkaf da gumi.

Washegari Alhaji ya kai mu tashar jiragen ruwa ta Huangpu, don baturan ba sa bin jirgin sama, dole kayan su bi teku. Kwantena ce iya ganinka, an jera su kamar bulo. Ya nuna wata daga nesa ya ce tamu ce. Ban san yadda ya gane ta ba, na dai yi mata addu'a ta riga ruwa isa.

Mun sauka Kano da hantsi. Jama'a suka yanyame Yallaɓai tun daga wurin ɗaukar kaya, Injiniya kuma ya ja jakarsa ya yi min sallama ya hau adaidaita. Har yau bai ce min komai ba a kan kujerar da na raba shi da ita, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Na je gidansa na ba da haƙuri, ya ce in bar maganar, in dai maganin zai isa.

Abin da na koyo ba shi da yawa. In aka ba ka takarda ka cika, ka tambayi me kowane layi yake nufi kafin ka fara rabon girma. In kuma ka ga abin da ba ka gane ba, ka buɗe baki tun ranar farko. Sauran har yanzu ina juya shi a kaina, don mutum ɗaya ne tak na'urar za ta yarda da shi, kuma mutumin nan kwanakinsa na damina duk masu fim sun riga sun kama.

Sati guda ban iya kiran Yallaɓai ba. Shekaranjiya sai ga wayarsa. Ya ce ya mayar wa masu fim biyu da aikinsu, Injiniya kuma ya yarda zai tsaya a bayansa a fili. Ya tambaya ko akwai sabis a garinmu, na ce sai an hau tudu. Ya tambaya mako nawa ruwan ke yi, na ce wani lokaci shida, wani lokaci ya wuce.

"Macizan nan, Sakatare, har cikin ɗaki suke shiga?"

"Har cikin ɗaki, Yallaɓai."

Sai na ji ya ce:

"To ka saya min takalmin roba mai tsayi. Lamba arba'in da uku."