Mai Haɗa Man Mota da Man Girki

Mai abinci ta baro tukunya a wuta ta zo sayen mai, ga wani bawan Allah ya tare ƙofar shagon. Dogo ne, rigarsa duk maiƙo, yatsunsa duk tabon ƙuna. Yana ɗaga kwalbar man girki, yana girgizawa, yana shinshinawa kamar mai zaɓen turare.

"Malam, suya za ka yi ko bincike?" in ji mai shago.

"Man mota nake haɗawa. Jiya na zuba soda, sai ya zama sabulu. Yau da asid zan gwada."

Mai abinci ta ja tsaki. Har ta hango gidansa a zuci: mota kwance a ƙofa, miya ba mai, sabulu kuwa har maƙwabta sun ce ya isa haka.