Moɗar da Ke Kan Kabarin Lottie

Goggo Ozella, ƙanwar babana, a nan Edgefield aka haife ta, a nan ta mutu tana da shekara tamanin da ɗaya. Ubanta maginin tukwane ne. In kasuwa ta yi sanyi sai ya gina moɗa mai fuskar mutum, ido zuru-zuru, haƙora na fasasshen faranti. Muni kam ba a magana.

Mu baƙaƙen fatar garin nan ba mu da halin kafa dutse a kabari. Moɗar mamaci ake huda wa gindi a ɗora masa a kan kabari. Da fuskokin nan muke gane namu, Goggo kuwa duk ta haddace su. 'Yarta ɗaya tilo, Lottie, tana da shekara huɗu zazzaɓi ya ɗauke ta. Tata moɗar ƙarama ce, mai wushirya. Goggo ba ta sake haihuwa ba, burinta ɗaya a duniya a kwantar da ita gefen yarinyar.

Wata Asabar sai ga wani farar fata da littafi a hannu, bakinsa kamar zuma, wai tarihi yake rubutawa. Na ce, "Goggo, mutumin nan bai kwanta mini ba."

Ta ce, "Kai dai ka cika mita! Baƙo ya zo gai da matattu, a kore shi?"

Ta zaga da shi kabari-kabari, har wainar masara ta ba shi. Kafin mako ya zagayo an kwashe moɗa kaf daga maƙabartar. Tudun kaburbura ya daɗe da shafewa, ganyen itatuwa ya rufe ko'ina. Goggo fuskoki ta sani, ba gurabe ba.

Bayan shekara shida ni da Goggo muka ga moɗar Lottie a shagon kayan da, a birni, cikin gilashi. Wallahi na ji haushi. Goggo kuwa a hankali ta ce wa mai shagon, "Ɗana, riƙe abinka. Ka dai gaya mini daga wane guri aka ɗauko ta."

Ya ce, "Iya, ni ma saye na yi. Kuma kar ki jingina da gilashin."

Bara muka binne Goggo. Mu huɗu cikin dangi muka tsaya muna gardamar inda kabarin Lottie yake, wannan ya nuna nan, wancan ya nuna can. Da rana ta yi zafi, mai haƙa ya gaji da mu, ya sa shebur inda ƙasa ta fi laushi.