Tokar Kaba a Goshin Yarinya

Ni tela ne, kuma da keken ɗinki na fara sanin shekarar Ikilisiya. Ni ke ɗinka mayafin bagade na ɗan cocinmu na Katolika a Bukkuyum: shunayya don jiran Kirsimeti da lokacin Azumi, fari don Ista, kore don sauran dogayen makonni. Da tsohon katikis ɗinmu, mai koyar da addini, ya koma garinsu, jama'a suka ce tunda ni ke sauya mayafi, ai na san lokaci, sai in riƙa yi musu bayanin karatu duk ranar da Fada, limamin cocin, bai zo ba. Fada kuwa daga nesa yake zuwa, hanya ba daɗi, don haka kusan kullum ni ne. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Wani karatun ba ya ba ni wahala. Misalin mai shuka yakan faɗo tsakiyar damina, kowa ya baro gona da taɓo a ƙafa, ba sai na yi dogon bayani ba. Wani kuwa sai in karanta in sake karantawa, kaina ya ɗaure. Kafin Kirsimeti karatu na ta cewa a zauna a faɗake, jama'ata kuwa sun sha sussukar gero, gyangyaɗi kawai suke yi. In tashe su ne, ko in tausaya musu? Har yau ban sani ba.

Amma babu ranar da ke rikita ni kamar Larabar Toka, mafarin Azumin kwana arba'in da ke kai mu Ista. A ranar Bishara takan ce mai azumi ya wanke fuska kada mutane su gane. Muna rufe littafi sai mu yi layi a shafa mana toka a goshi, mu fita kasuwa kowa na kallo. Na taɓa tambayar Fada, ya yi dariya ya ce in ci gaba da tunani. To, ina ta yi.

Tokar daga kabar bara ake samunta. Nan ba mu da ganyen dabino da yawa, kaba muke ɗagawa ranar Lahadin Dabino, kowa ya kai gida ya rataye a ɗaki har shekara. Azumi na matsowa sai a maido, in ƙona, Fada ya sa albarka in ya biyo.

Shekarar da gubar dalma ta shiga ƙauyuka, ƙura ta zama abin tsoro. Cikin gidaje ake niƙa dutsen zinari mai haɗe da dalma, yara na rarrafe a ƙurar, ciwo ya riƙa ɗibar su. A cocinmu akwai wata mata daga wajen Yargalma, mijinta niƙan yake yi. Ɗanta namiji ya rasu da farfaɗiya kafin kaka. Saura 'yar, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, ita ma an kwantar da ita a Anka, aka sallamo ta da magani. Uwar ba ta da zance sai ko wannan za ta tsaya.

Akwai kuma wata nas a cikinmu, mace mai faɗa. Ta same ni ina haɗa kaba, ta ce wannan da ta shekara rataye a ɗakin da ake niƙa, ita zan shafa wa yara? Na ga gaskiyarta. Na ware wadda ta shekara a cikin coci, ita kaɗai na ƙona. Duk da haka ta ce yara dai in bar su, sun sha ƙurar da ta ishe su.

Ni ma abin da ke raina ke nan, amma don wani dalili. In ana shafa toka, ko dai a tuna wa mutum cewa shi ƙura ne kuma ga ƙura zai koma, ko a ce masa ya tuba. Wanne zan faɗa wa wannan yarinya? Ta tuba daga me? Ɗayan kuwa bakina ba zai iya ba, uwar na tsaye tana ji.

Ranar Larabar kuwa, Fada bai zo ba. Na yi bayanin karatu, ni kaina ban san abin da na ce ba. Aka yi layi. Matar ta iso da 'yar a kafaɗa, na shafa wa uwar, na ɗaga kai ga na bayanta. Ba ta gusa ba.

"Malam, ka tsallake ta," ta ce.

Na ce yara ba dole ba ne.

"Bara ka sa ma yayanta, shina goye. Bana ka bar wagga. Mi kag gani gare ta?"

Na ce ban ga komai ba.

"In ba ka ga komi ba, sa mata. Wanda aka sa ma toka, shi aka jira shi kai Ista. Ko kun hidda ta cikin masu kaiwa?"

Ni ina ganin na kare ta daga maganar mutuwa, ashe a idon uwar na riga na cire ta daga cikin masu rai. Na dubi nas, ta kau da kai. Na tsoma babban yatsa, na zana gicciye a ɗan goshin nan mai zafi. Kalmomin kuwa ko ɗaya ba ta fito ba. Ban sani ba ko shafawar da babu magana ta karɓu.

Da aka tashi, nas ta tsaya a ƙofa da bokiti da sabulu tana wanke hannuwan yara da fuskokinsu. Layi ya zo kan yarinyar. Uwar ta miƙa hannayenta aka wanke, aka wanke baki da kumatu. Da nas ta kai ga goshi, sai matar ta ɗora tafinta a kai.

"Wanke ko'ina," ta ce. "Nan dai bar min shi."